Yunwa, tsoro da hali: abin da ke fito da gizo-gizo bakin raminsa

A busassun filayen kudu maso yammacin Amurka akwai wani gizo-gizo da masana ke kira Agelenopsis aperta. Ba ya saƙa irin yanar nan mai zagaye da ke rataye tsakanin rassa. Tasa shimfiɗa ce a kan ciyawa ko tsakanin duwatsu, ba ta da danƙo, kuma a gefe guda tana tsukewa ta zama mazurari, ta shige cikin rami ko tsagar dutse. A bakin mazurarin yake zama, ƙafafunsa na gaba a kan zare. Da fara ko ƙuda ya taka shimfiɗar, sai ya ji motsin ta ƙafa, ya fito a guje ya cafke. Idan kuwa motsin babba ne, irin na tsuntsun da ya dira, sai ya juya ya faɗa ciki.

Gudun nan kowane gizo-gizo mai lafiya zai yi shi. Inda suke bambanta shi ne wajen dawowa. Wani ko minti ba ya cikawa ya sake leƙowa, wani kuwa sai ya daɗe a ƙuryar rami ko motsi babu. Muddin yana ciki tsuntsu ba zai same shi ba, amma duk ƙwaron da ya ratsa shimfiɗar a lokacin ya wuce ke nan, tunda yanar ba ta riƙe kowa. In ya fito da wuri zai ci, kuma mai yiwuwa tsuntsun bai tafi ba. Abu uku ne ke tsayar masa da lokacin fitowa: yunwar da ke cikinsa, girman haɗarin da ke waje, da kuma halinsa. Na ukun ne masana suka fi daɗewa ba su yarda da shi ba, domin da wuya mutum ya kalli ƙwaron da bai kai kan yatsa ba ya ce yana da hali nasa na kansa.

Wadda ta fi kowa bin wannan gizo-gizo ita ce Susan Riechert ta Jami'ar Tennessee, tun daga shekarun 1970. Wurare biyu ta riƙa kwatantawa. Ɗaya filin ciyawa ne na hamada a jihar New Mexico: abinci kaɗan, rana mai zafin da ke hana fita sa'o'i da yawa, wurin kafa yana mai kyau kuwa sai an yi faɗa a kansa. Ɗayan kurmi ne a bakin rafi a kudu maso gabashin Arizona: inuwa, laima, ƙwari birjik, wurin zama ba ya ƙarewa. Sai dai kurmin cike yake da tsuntsaye, kuma gizo-gizo yana cikin abin da suke kai wa 'ya'yansu a sheƙa. A hamada yunwa ce ke kisa, a kurmi baki ne daga sama.

Ita da Ann Hedrick sun gwada na wuraren biyu, suka buga sakamakon a 1989 da 1990. Gwajin ba shi da wuyar fahimta. A saka ƙwaro a kan yana a ƙirga lokacin da gizo-gizon zai ɗauka kafin ya kai hari. A razana shi da girgiza mai ƙarfi, a ƙirga lokacin da zai ɗauka kafin ya dawo bakin mazurari. Na hamada suna saurin kai hari, suna saurin dawowa. Na kurmi suna jinkiri a duka biyun. Mutum zai iya cewa ai koyo ne, wanda ya tashi cikin tsuntsaye dole ya iya ɓuya. To an ɗauki ƙwansu an rene su a ɗakin gwaje-gwaje, abinci ɗaya, zafi ɗaya, ba wanda ya taɓa ganin tsuntsu, amma zuriyar ta fito da bambancin iyayenta. Da shi aka haife su.

Abin da ya fi wannan nauyi ya zo a 1993. Da suka bi gizo-gizo ɗaya bayan ɗaya, sai suka ga ɗabi'un ba a warwatse suke ba. Wanda ya fi saurin dawowa bayan an razana shi, shi ne ya fi saurin afka wa ƙwaro, kuma shi ne ya fi cin nasara idan aka haɗa shi faɗa da ɗan'uwansa a kan yana. Mai jinkirin dawowa shi ne mai jinkirin hari, shi ne mai ja da baya a faɗa. Ko a cikin al'umma guda haka abin yake. Ɗabi'un a ɗaure suke a dami ɗaya, wanda ya ɗauki ɗaya ya ɗauki sauran.

Me ya sa wannan ya zama abin magana? Domin ra'ayin da ya fi ƙarfi a lokacin shi ne cewa kowace dabba tana auna riba da hasara a kowane yanayi daban, ta zaɓi abin da ya fi mata. Steven Lima da Lawrence Dill sun tattara hujjoji masu yawa a 1990 da ke nuna dabbobi na rage kiwo idan haɗari ya ƙaru, kuma gaskiya ne. Amma in da awon nan cikakke ne, da gizo-gizon da ya fi dacewa shi ne mai zafi a gaban ƙuda, mai sanyi a gaban tsuntsu, mai lallami a gaban abokin barbara. Abin da aka gani a fili ya saɓa da haka. Mai zafi yana kai zafinsa ko'ina, har inda zai cuce shi. Riechert da masanin juyin halitta John Maynard Smith sun bayyana shi da cewa abu biyu ne ke ja-in-ja a cikin gizo-gizon, zafin kai da tsoro, kowanne da ma'auninsa na gado, kuma inda suka daidaita shi ke bayyana a farauta da faɗa da ɓuya baki ɗaya. A 2004 Andrew Sih da Alison Bell da Chadwick Johnson suka faɗaɗa maganar zuwa dabbobi gaba ɗaya, kuma gizo-gizon Riechert na cikin manyan misalansu.

Kuɗin da ake biya wa wannan dami a bayyane yake. Jennifer Maupin da Riechert sun nuna a 2001 cewa na hamada, idan aka cika musu yana da ƙwari, sukan yi ta kashewa fiye da abin da za su iya ci, su bar gawa ba su tsotse ba. Na kurmi ba su kai su wannan ɓarna ba. A inda abinci ke zuwa jefi-jefi, ƙa'idar "duk abin da ya motsa kama shi" ita ce ta raya kakanninsu, kuma ba ta san ranar yalwa ba. Da aka yi musayar wuri, aka kai na busasshen dajin da ke kewaye da kurmin Arizona cikin kurmi, aka kai na kurmi busasshen daji, kowanne ya sha wuya ta fuskar da halinsa ya jawo masa: masu zafin suka fi mutuwa a bakin maharba, masu tsoron suka kasa samun abin da zai girmar da su.

Akwai wani ɓangare na labarin kurmin Arizona da nake ganin ya fi sauran koyarwa. Na can ɗin, duk da sun fi na hamada tsoro, ba su kai tsoron da lissafi ya ce ya kamace su ba. Sun fi ƙarfin hali fiye da yadda wurin ke buƙata, kuma suna biya da rayukansu. Dalilin shi ne kurmin ɗan siriri ne, busasshen daji na kewaye da shi, kuma gizo-gizon dajin masu zafi suna gangarowa suna barbara da na kurmin kowace shekara. Tsuntsaye na tsince masu zafin, gado na sake kawo wasu. Riechert ta kewaye wasu filaye da shinge ta tare masu shigowa, kuma ba a daɗe ba zuriyar da ke cikin shingen ta karkata zuwa tsoron da wurin ke nema. Ke nan idan ka ga dabba tana abin da bai dace da inda take ba, ba lallai ne lissafinta ya ɓaci ba. Wataƙila halin da take ɗauke da shi na wani wuri ne.

Damin nan yakan kai har shimfiɗar aure. Akwai manyan gizo-gizo na bakin ruwa, dangin Dolomedes, masu tsayawa a kan ruwa su kama ƙwari, wani lokaci har ƙananan kifi da talibambam. Macen takan cinye namiji tun kafin barbara, abin da ba shi da riba a fili ga wadda ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba. Göran Arnqvist da Stefan Henriksson na ƙasar Suwidin sun kawo bayani a 1997: haɗamar da ke sa 'yar ƙarama ta ci da yawa, ta girma, ta yi ƙwai masu yawa, ita ce ke malalowa ta hau kan namijin da ya zo nema. Johnson da Sih sun gwada wannan a kan Dolomedes triton na Amurka, wanda ke nutsewa cikin ruwa idan ya razana. Matan da suka fi saurin tasowa daga ruwa sun fi ci, kuma masu haɗamar ci sun fi afka wa maza.

Amma a nan ya kamata a taka a hankali. A 2016 Simona Kralj-Fišer ta ƙasar Sulobeniya da abokan aikinta sun sake gwada Dolomedes fimbriatus na Turai, irin wanda Arnqvist ya yi aiki a kansa, suka ce abin da ya fi bayyana cin namijin shi ne zaɓen miji da bambancin girman jiki, ba hali ba. Saboda haka damin ba doka ba ce da ke kan kowane gizo-gizo. A wani jinsin a ɗaure yake tam, a wani a sake.

Wannan ya kawo mu ga abin da ake nufi da hali a wannan fage. Hausawa na cewa hali zanen dutse, kuma maganar ta kama rabin gaskiyar. Masana ba sa cewa gizo-gizo mai ƙarfin hali ba ya jin tsoro, ko mai tsoro ba ya fita. Abin da suke aunawa shi ne jeri. A gwada gizo-gizo ashirin yau, a sake gwada su bayan mako, a sake bayan wani makon. Idan na gaba-gaba a yau su ne dai na gaba-gaba a kowane zagaye, to akwai hali. Ranar da haɗari ya ƙaru dukkansu za su ja baya, amma mai zafin zai fi kowa kusa da ƙofa. Bell da Shala Hankison da Kate Laskowski sun tattara ɗaruruwan irin wannan awo daga dabbobi iri-iri a 2009, suka samu cewa a matsakaici kashi 37 cikin 100 na bambancin ɗabi'a ne ke komawa ga bambancin wannan dabba da waccan. Ba ƙaramin kaso ba ne. Amma sauran, wanda ya fi yawa, yana hannun yanayi: yunwa, zafi, shekaru, da abin da dabbar ta shinshino a wannan safiyar.

Shinshinon nan kuwa gizo-gizo gwani ne a kansa, kuma gonakin waken soya na jihar Ohio ne suka fi nuna haka. A can akwai gizo-gizo biyu da ba sa kafa tarkon yana, a ƙasa suke farauta. Ƙaramin shi ne Pardosa milvina, mai yawan zirga-zirga. Babban, wanda a da ake kira Hogna helluo, yanzu kuma Tigrosa helluo, ya ninka shi nauyi sau da yawa, kuma yana cin sa. Duk inda babban ya bi yakan bar siririn zare da ɗigon kashi. Ann Rypstra ta Jami'ar Miami da ke Ohio, da Matthew Persons da abokan aikinsu, sukan ajiye babban a kan takarda na wani lokaci, su ɗauke shi, su saka ƙaramin a kan takardar. Ba maharbi a wurin, sawunsa ne kawai. Sai ƙaramin ya rage tafiya, ya yi ta tsayawa cik, ko ya hau bango. Dabarar tana da tushe, domin babban da motsi yake gane abin farauta, kuma a gwaje-gwajen waɗanda suka daskare sun fi daɗewa a raye idan aka sako shi.

Ƙaramin ba tsorata kawai yake yi ba, karanta sawun yake yi. Idan babban da ya bar sawun 'yan'uwansa Pardosa ya ci, tsoron ya fi ƙarfi a kan idan gyare ya ci. Idan sawun na ƙaton ne, ya fi tsorata a kan na matashi. Idan sawun sabo ne ya fi daskarewa, idan ya kwana biyu sai ya sassauta. Daga zare da kashi kawai yana fitar da girman maƙiyi, da abin da ya ci, da lokacin da ya wuce, sannan ya daidaita ɓuyarsa a kan haka. Ni a ganina duk mai cewa ƙwaro inji ne da ke maimaita abu ɗaya bai zauna da waɗannan sakamakon ba.

Ga kuma kuɗin tsoron. A binciken da suka buga a 2002, matan Pardosa da aka ajiye cikin sawun babban sun rage ci, sun rame, kuma ƙunshin ƙwan da suka yi ya fi na sauran sauƙi. Ba a taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsoro kaɗai ya rage zuriya. Wannan ne ya sa masana muhalli suka daina auna tasirin maharbi da yawan abin da ya kashe kawai. Wanda ya hana cin abinci ma yana cikin lissafi.

Sai yunwa ta shigo ta sake juya komai. Sean Walker da Rypstra sun nuna a 2003 cewa Pardosa mai jin yunwa ba ya ba sawun babban girman da ƙosasshe ke ba shi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ƙosasshe yana da abin da zai kare, jiki cike da ƙwai a hanya, don haka jira ya fi masa. Mai yunwa in ya jira ma mutuwa ce. Sai dai gizo-gizo ya fi yawancin dabbobi dogon numfashi a wannan jira, domin jikinsa ba ya ƙona abinci da sauri. John Anderson ya nuna a 1974 cewa wasu jinsuna biyu na Florida sun rayu sama da kwana 200 ba ci. Wanda zai iya wannan haƙuri yana da damar zaɓar tsoro fiye da ɗan tsuntsun da dole ya ci kullum. Lima da Peter Bednekoff sun ƙara wani abu a 1999: idan haɗari jefi-jefi yake zuwa, dabba za ta ɓuya sosai ta rama daga baya, amma idan kullum yana nan, ba ta da zaɓi sai ta fita a cikinsa.

Ga masu saƙa yana kuwa, shawarar ba a ƙafa kawai take ba, a jikin yanar take rubuce. Kafin a gane haka sai an san babban abokin gabarsu, kuma wannan ba sai an je Amurka ba. Duba ɗakin zanzaro da ke manne a kusurwar bango ko bayan ƙyaure. Wani irin zanzaron tsutsa yake tarawa, amma wani irin gizo-gizo zalla yake cusawa. In aka fasa ɗakin kafin ɗan ya fita, za a ga gizo-gizo sun zubo, ƙafafu a naɗe, jiki da taushi, launinsu bai dushe ba. Ba matattu ba ne. Uwar ta harbe su ne da dafin da ke shanye jiki, ta jera su, ta saka ƙwai a kan ɗaya, ta liƙe da laka, domin ɗanta ya tashi ya tarar da nama ɗanye. Todd Blackledge da Jonathan Coddington da Rosemary Gillespie sun duba bayanan abin da irin waɗannan zanzaro ke kamawa, suka buga a 2003 cewa masu yana mai faɗi, waɗanda ke zaune a fili a tsakiyarta, su suka fi yawa a ciki, masu yana mai sarƙaƙiya da ke kewaye su ta ko'ina kuwa sun fi tsira. A ra'ayinsu, sarƙaƙiyar nan ganuwa ce tun asali.

Latrodectus hesperus, baƙin gizo-gizon nan mai dafi na yammacin Amurka, mai jan tabo a ciki, yana saƙa duka biyun a yana ɗaya. Akwai sarƙaƙiyar da ke kare shi, akwai kuma zarurruka masu danƙo a gindi da ke sauka ƙasa, waɗanda ƙwaro ke taɓawa su tsinke su ɗaga shi sama. Zare ba kyauta ba ne, daga jikinsa yake fita, don haka dole ya raba. Blackledge da Jacquelyn Zevenbergen sun nuna a 2007 cewa mai yunwa yakan zuba ƙarfinsa a zaren danƙo, ƙosasshe kuwa a ganuwa. A 2016 Nicholas DiRienzo da Pierre-Olivier Montiglio suka ƙara cewa ko an cire batun yunwa, kowanne yana da salon saƙarsa da yake maimaitawa, kuma masu zafin kai hari sun fi yawan zaren danƙo. A yana guda ke nan ana iya karanta cikin mai ita da halinsa tare.

Haka dangin Argiope, manyan nan masu ratsi-ratsi da ake gani a shinge da gonaki, masu yi wa tsakiyar yanarsu ado da farin zare mai lanƙwasa. Har yau masana na jayayya a kan amfanin adon, ko jawo ƙwari yake yi ko kariya ce. A Singafo dai an nuna cewa wani gizo-gizo mai tsalle, Portia labiata, wanda 'yan'uwansa gizo-gizo ne abincinsa, yana amfani da adon ya gano mai yanar. Daiqin Li da abokin aikinsa sun nuna a 2004 cewa ƙananan Argiope versicolor na rage adon idan suka ji warin Portia.

A jihar Veracruz ta Meziko kuma shawarar ta zama ta wurin zama. Metepeira incrassata na haɗa yanarsu su zama gari guda, ɗaruruwa har dubbai. Linda Rayor da George Uetz sun nuna a 1990 cewa na gefe sun fi samun ƙwari, domin su ke fara tarbar duk abin da iska ta kawo, kuma su ne zanzaro da rina ke fara ɗauka. Tsakiya ba abinci sosai, amma akwai kwanciyar hankali. Manyan mata masu tsaron ƙwai su ke mamaye tsakiya, ƙanana masu buƙatar girma suna gefe. Gizo-gizo ɗaya yakan yi ƙuruciyarsa a gefe ya ƙare a tsakiya, ma'ana amsar da ta dace da shi tana sauyawa da shekarunsa.

Duk wanda ya bi wannan fage zai ci karo da wasu rahotanni masu daɗin ji game da gizo-gizo masu zaman tare, dangin Stegodyphus na kudancin Afirka da Anelosimus na Amurka: wai jarumi ɗaya kan sauya farautar gari duka, wai masu zafi da masu sanyi sun raba aiki a tsakaninsu. Yawancin waɗannan sun fito ne daga Jonathan Pruitt, wanda ya yi digirinsa na uku a Tennessee ya kuma koyar a Jami'ar McMaster ta Kanada. A farkon 2020 Kate Laskowski, wadda ta buga bincike da alƙaluman da ya ba ta, ta gano jerin lambobi da ke maimaita kansu ta yadda gwajin gaske ba zai bayar ba. Ta fito fili ta janye takardunta. Sauran abokan aikinsa suka bi sawu suna tono nasu, aka janye takardu fiye da goma. Ya bar McMaster a 2022, kuma a 2023 binciken jami'ar ya tabbatar da ƙirƙira da murɗa alƙaluma.

Abin ya yi wa fagen rauni, kuma ya fi cutar ɗalibai da matasan masana da suka gina aikinsu a kan alƙaluman. Darasin da ya shafi mai karatu shi ne a rarrabe. Maganar cewa gizo-gizo ɗaiɗai suna da bambancin da ke dawwama tana tsaye a kan ayyukan mutane da yawa, a ƙasashe da yawa, tun kafin Pruitt. Maganar yadda hali ke tafiyar da garin gizo-gizo masu zaman tare kuwa, wani babban sashenta ya rushe, sai an sake gina shi da sabon awo. Kuma alƙaluman da aka ƙirƙira sun fi na gaskiya tsabta, abin da ya sa na fi natsuwa da sakamako irin na Kralj-Fišer, mai cewa a nan abin ya yi, a can bai yi ba.

Wani zai ce duk wannan me ya shafi wanda ba masani ba. Ya shafi manomi. An san jinsin gizo-gizo sama da 50,000 a duniya, kuma Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer sun ƙiyasta a 2017 cewa suna cin tan miliyan 400 zuwa 800 na abin farauta a shekara, galibi ƙwari. Mafi yawan wannan a dazuzzuka da filayen ciyawa ne, kason gonaki kaɗan ne, domin huɗa da girbi da feshi ba sa barin su su zauna. Idan ana so su yi wa gona aiki, ƙirga yawansu bai wadatar ba. Gonar da manyan gizo-gizo suka cika ta da sawu tana iya samun ƙanana da yawa da ke laɓe ba sa farauta. Mai kashewa fiye da cikinsa, wanda a hamada ɓarna yake yi, a gonar da ƙwari suka yi wa yawa shi ake nema. Tsoron ma yana gangarawa ƙasa: Rypstra da Christopher Buddle sun nuna a 2013 cewa zaren gizo-gizo kaɗai, in aka ɗora shi a kan ganyen wake, yana rage cin da wasu ƙwari ke yi wa ganyen.

Maganin feshi kuma yana taɓa wannan tsari ta inda ba a dubawa. Raphaël Royauté da Buddle da Charles Vincent sun yi aiki a kan Eris militaris, wani gizo-gizo mai tsalle da ke gonakin tuffa na lardin Kebek a Kanada. Sun auna ɗabi'ar kowanne, suka ba wasunsu ɗan maganin ƙwari mai suna phosmet, wanda bai kai ya kashe ba, suka sake aunawa. A sakamakon da suka buga a 2015, idan aka dubi matsakaicin garken gaba ɗaya kusan ba a ga sauyi ba. Sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka ga jerin ya hargitse: wanda aka sani da hali kaza jiya, yau ba a iya cewa ga abin da zai yi. A mata abin ya fi taɓa kama ƙwaro, a maza ya fi taɓa yawon bincike. Gwajin da hukumomi suka saba yi wa maganin feshi yana tambayar nawa ne suka mutu, ko kuma yaya matsakaicinsu ya sauya, kuma da irin wannan tambaya maganin zai wuce a matsayin wanda bai yi wa gizo-gizon komai ba.